Cocin da Jirgin Ƙasa Ya Kawo Gusau

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau Gusau za mu, kuma batun da na ɗauko ba a cika taɓa shi da Hausa ba: yadda ɗarikar Katolika ta shigo ƙasar Zamfara, yadda ta kusa mutuwa, da halin da take ciki yanzu. Ni ɗan wannan ɗarika ne, a Gusau aka yanke mini cibiya, don haka ba zan yi muku kamar ba ni da ɓangare ba. Na kuma san mafi yawan masu bin shirin nan Musulmi ne. Ba wa'azi na zo yi ba. Tarihin garinmu ne, wata kusurwa tasa da ake wucewa ta gabanta a kan babur kullum ba a san me ke ciki ba.

Mu fara daga nesa kaɗan. A shekarar 1710 wasu limaman Katolika biyu 'yan ƙungiyar Faransiskan, Fada Carlo Maria mutumin Jenowa ta ƙasar Italiya da abokin tafiyarsa Fada Severino, suka taso daga Tarabulus, suka bi ayari suka keta Sahara, suka biyo ta Agadas har suka iso birnin Katsina. Labari suka ji wai akwai wasu Kiristoci can kudu da Borno, su suka fito nema. Ba su kai ba. Ciwo ya kama su a Katsina, duka biyun suka rasu a 1711, ba su bar coci ba, ba su bar jama'a ba. To me ya haɗa wannan da Gusau? A wancan zamani yankin da Gusau da Tsafe suke yau ƙasar Katsina ce. 'Yandoto, wadda kufanta ke kusa da Tsafe, gari ne na malamai da ɗalibai ke yo takakkiya zuwa gare shi. Ita Gusau ba a ma kafa ta ba sai zamanin jihadi, a hannun Malam Sambo Ɗan Ashafa, shi ya sa har gobe sarautar garin Sarkin Katsinan Gusau ce, ta Tsafe kuma 'Yandoto. Ke nan waɗancan baƙi biyu sun iske ƙasar da malamanta da littattafanta. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Daga nan shiru, sama da shekara 200. Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, gwamnatin mulkin mallaka kuma ta riƙa hana 'yan mishan yin wa'azi a cikin masarautun Musulmi. Saboda haka abin da ya kawo cocin Katolika Gusau ba mai wa'azi ba ne. Dogo ne. Layin jirgin ƙasa da ya taso daga Zariya ya biyo ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya ƙare a Ƙauran Namoda a 1929. Gyaɗa da auduga Bature ke so, ba rayuka ba. Amma jirgi ba ya tafiya shi kaɗai: ya zo da akawu da direba da makaniki da kafinta da tela da mai kanti, Ibo da Yarbawa da mutanen Binuwai da na kudancin Zariya. Aka zaunar da su a Sabon Gari. Katolikan da ke cikinsu suka riƙa haɗuwa ranar Lahadi suna addu'a, lokaci-lokaci wani Fada na ƙungiyar SMA ya biyo jirgi ya zo, ya saurari masu furta zunubi, ya yi wa jarirai baftisma, ya ɗaura aure, ya koma.

Kun ga tun ran gini tun ran zane. Cocin nan baƙuwa aka haife ta. A gaban bagadi harshen Latin ake yi, a kan benci Ibo da Turanci. Bagusayen da ke cikin gari bai ga abin da ya shafe shi a ciki ba, kuma gaskiya babu wanda ya yi tunanin ya shafe shi.

A 1953 fadar Paparoma ta yanke lardunan Sakkwato da Katsina ta mai da su yankin mishan mai zaman kansa, ta damƙa shi ga limaman ƙungiyar Dominikan na Shikago a Amurka, waɗanda suka sauka Yaba ta Legas tun 1951. Su ne masu farar riga har ƙasa. Shugabansu Edward Lawton aka naɗa ya riƙe yankin a 1954, kuma ko da yake sunan Sakkwato yankin ke ɗauke da shi, a Gusau suka yi mazauni, don nan jama'ar take. A 1956 sistoci 'yan ƙungiyar suka iso daga garin Great Bend na jihar Kansas, suka kama aikin jinya da karɓar haihuwa da koyarwa. Akwai dattawa a Gusau yau, masu gemu da carbi, da hannun sista ne ya fara ɗaukar su a duniya.

Bari in ɗan ratse. Babbar cocinmu a Gusau sunanta Our Lady of Fatima, kuma abokaina sun sha tambayata, “Kai, me ya haɗa ku da Nana Faɗima?” Fatima sunan wani ƙauye ne a ƙasar Fotugal inda mu Katolika muka gaskata Maryamu uwar Yesu ta bayyana ga wasu yara uku makiyaya a 1917. Shi kuwa ƙauyen ya gaji sunan ne daga zamanin da Musulmi suka mulki Andalus. Wato sunan ya tashi daga Larabawa, ya zauna a Turai, Amurkawa suka ɗauko shi suka dire shi a Gusau, inda kowace unguwa ke da Faɗimatu goma. Ni dai abin yana ba ni dariya, yana kuma yi mini daɗi.

A 1964 yankin ya zama cikakken dayosis, wato ƙasar da bishop guda ke kula da ita, Lawton ya zama bishop na farko. Makarantu sun cika, coci ta cika, ana ganin abu ya kankama.

Sai 1966.

Kowa ya san jerin: juyin mulkin 15 ga Janairu da ya ci ran Sardauna da Tafawa Ɓalewa, dokar Ironsi ta haɗe ƙasa a watan Mayu, tarzomar da ta biyo baya a garuruwan Arewa, juyin mulkin ramuwa a Yuli, sannan kashe-kashen Satumba da Oktoba. Gusau na cikin garuruwan da abin ya yi muni. An kashe mutane, an ƙone kantuna, waɗanda suka tsira suka kwashi abin da hannu zai iya ɗauka suka nufi tasha. Jirgin da ya kawo cocin shi ya kwashe ta. Wata tsohuwa a cocinmu, Allah ya jiƙanta, takan ba mu labarin Lahadin farko bayan guguwar. Ta ce ta shiga ta iske Fada a gaban bagadi, benci jere har ƙofa, mutanen da ke ciki ba su cika layi biyu ba. Ta ce abin da ya fi tsaya mata a rai ba kukan ba ne, waƙar ce: babu mai tayarwa, don duk 'yan mawaƙa sun tafi. Ita ce kuma ta gaya mana wani maƙwabcinsu mahauci ya ɓoye iyali guda a ɗakin matarsa kwana uku, ya raka su tasha da dare sanye da kayan Hausawa. Duka biyun a gari ɗaya aka yi su, a mako ɗaya. Duk wanda zai ba ku labarin 1966 ya faɗi ɗaya ya bar ɗaya, akwai abin da yake son sayar muku.

A watan Disamba na shekarar Bishop Lawton ya rasu. Shekara 2 kacal ya yi a kan kujera, ya ga abin da ya gina ya watse a kan idonsa.

To nan fa ake yin ta. Limaman da suka rage Amurkawa ne, da fasfo a aljihu, jama'arsu ta tafi, ƙasa na shirin faɗawa yaƙi. Su naɗe tabarma ko su zauna? In sun zauna, don wa? A ganina wannan tambaya ita ce ainihin ranar haihuwar cocin Katolika a ƙasar nan, ba 1953 ba. Domin sai da benci ya zama wayam sannan aka ɗaga kai aka dubi mutanen da aka zauna a cikinsu shekara da shekaru.

Abin ya zo daidai da wani sauyi a can Rum. Babban taron bishop-bishop na duniya, wanda ake kira Batikan na Biyu, ya gudana daga 1962 zuwa 1965, kuma abu biyu daga cikinsa sun shafe mu kai tsaye. Na farko, aka ba da izinin yin Misa da harshen mutane maimakon Latin. Na biyu, a watan Oktoba na 1965 taron ya fitar da wata takarda mai suna Nostra Aetate, inda cocin ta bayyana a hukumance cewa tana ganin girman Musulmi: masu bauta wa Allah ɗaya ne, suna girmama Yesu a matsayin annabi, suna darajanta Maryamu, suna riƙe da salla da sadaka da azumi. Ta kuma nemi ɓangarorin biyu su bar gabar da ta wuce. Ga cocin da ta yi yaƙe-yaƙen 'yan Salibiyya, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Michael Dempsey ya gaji Lawton a 1967. A zamaninsa aka juya akalar aiki zuwa karkara: Maguzawan yankin Malumfashi, da Kambari na wajen Yawuri. Aka riƙa horar da katikis, wato malaman da ke koyar da addini a ƙauye su ja addu'a inda babu Fada, kuma da Hausa ake yi. A cikin Zamfara kanta abin bai yi nisa ba, in faɗi gaskiya. Maguzawan gindin dutsen Kwatarkwashi a ƙasar Bungudu galibinsu Musulunci suka shiga. Kirista Bazamfare na asali har yau ɗan ƙalilan ne. Amma harshen cocin ya sauya, kuma da aka gama yaƙi a 1970 Ibo suka fara dawowa, sun iske ana Misa da Hausa.

Nan ne wurin da nake so ku tsaya da ni. Littafi Mai Tsarki na Hausa ba mu muka fara fassara shi ba. Aikin su Dokta Miller ne na mishan ɗin Angilikan a Zariya, ya fito cikakke a 1932. Da masu fassara suka zauna neman kalmomi, ba su ƙirƙiro sababbi ba, waɗanda suka iske suka ɗauka: Allah, annabi, mala'ika, addu'a, azumi, sadaka, tuba, zunubi, gafara, Attaura, Zabura, Linjila. Wa ya shigo da waɗannan kalmomi cikin Hausa ya goge su har suka zauna a bakin talaka? Malaman zaure ne, irin na 'Yandoto. Ni in na durƙusa da dare ina roƙon gafara, da kalmomin da suka bi ta allo da tawada nake yi. Ba ni da wasu. Da Turanci ina iya yin muhawara a kan addini har gari ya waye, amma in abu ya kai mini iya wuya, “Ya Allah” ke fitowa, daidai yadda take fitowa daga bakin abokina da muka tashi tare. Akidarmu ta bambanta, kuma bambancin ba na wasa ba ne. Abin da na gaskata game da Yesu Almasihu shi bai gaskata ba, ba ma kuma ɓoye wa juna. Amma bakin ɗaya ne.

Akwai mutum ɗaya da ya ɗauki wannan lamari da gaske fiye da kowa, kuma na tabbata yawancinku ba ku taɓa jin sunansa ba. Fada Joseph Kenny, ɗan Shikago, ya iso Najeriya a 1964 ya yi aiki a wannan dayosis, ya koyi Hausa. Daga nan ya tafi karatun Larabci a Rum da Tunusiya, ya yi digirin dakta a Jami'ar Edinbara a 1970. A kan wa? A kan Shehu Muhammad bin Yusuf as-Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, mai Ummul Barahina, littafin tauhidin nan na siffofi 20 da aka daɗe ana karantawa a zaurukan ƙasar Hausa. Bai tsaya nan ba. Ya fassara Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani zuwa Turanci, Risalar nan dai da ɗalibi ke shiga bayan Ahalari da Ishmawi da Iziyya. Wa ya buga fassarar? Islamic Education Trust ta Minna, cibiyar su marigayi Shehu Ahmad Lemu, a 1992. Limamin coci ya fassara littafin fiƙihun Malikiyya, cibiyar da'awa ta duba ta ga aikin ya yi, ta buga. Ya koyar a Jami'ar Ibadan sama da shekara 20, ya rasu a 2013 yana Fada, bai musulunta ba, bai kuma zagi abin da ya karanta ba. Abin ma gadon gidansu ne: babban malamin Dominikan, Toma Akwinas, a ƙarni na 13 ya karanta Ibn Sina da Ibn Rushd, ya ɗauki abin da ya ɗauka, ya yi jayayya da sauran.

Ina kawo Kenny ne don ina jin kunyar zamaninmu. Mu da muke da waya a hannu, kowane littafi na nesa da mu da danna biyu, mun fi kowa jahiltar juna. Matashin Kirista a Gusau zai yi shekara 25 yana jin kiran salla sau biyar a rana bai san ma'anar kalma ɗaya a ciki ba. Matashin Musulmi zai rantse maka gumaka muke bauta wa, bai taɓa tambayar ɗan ajinsu ba. Abin da kowa ya sani game da ɗan'uwansa daga guntun bidiyon TikTok ya samo shi, na wanda ya fi iya zagi.

Sauran tarihin zan bi shi da sauri. A shekarun 1970 gwamnati ta karɓe makarantun mishan. A 1973 sistocin Kansas suka fara karɓar 'yan mata 'yan ƙasa, abin da ya zama ƙungiyar sistocin Dominikan ta Santa Katarina ta Siyena, wadda ta tsaya da ƙafarta a 2007. Duk inda suka je aiki, sunan Gusau na manne da sunansu. Kevin Aje, mutumin Filato, ya zama bishop baƙar fata na farko a dayosis ɗin a 1984, Matthew Hassan Kukah ya gaje shi a 2011. A 2023 aka yanke Katsina ta zama dayosis, aka naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe na farko da ya zama bishop ɗin Katolika, shekara 312 bayan waɗancan baƙi biyu sun kwanta dama a birnin.

An ƙirƙiri jihar Zamfara ran 1 ga Oktoba 1996. Ran 27 ga Oktoba 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau, ta fara aiki a Janairun 2000. Ina ƙarami lokacin, a cikinta na girma. An ce ba za ta shafi Kirista ba, kuma ni ba a taɓa kai ni gaban alƙali ba. Ba a yi irin zubar da jinin da aka yi a Kaduna a 2000 ba, wannan a faɗe shi. Abin da ya shafe mu ya fi haka laushi, ya kuma fi daɗewa. Makarantar gwamnatin da na yi babu malamin addinin Kirista. In an shiga darasin addini sai mu fita gindin bishiya. Da na je neman takardar shaidar zama ɗan jiha don shiga jami'a, wani jami'i ya dubi sunana ya ce, “Yaro, ina ne garinku na asali?” Na ce nan. Ya yi murmushi ya ce in je in tambayi babana. Babana masaƙar Gusau ce ta kawo shi, a nan ya tsufa, a nan muka binne shi. Kuma a unguwar nan tamu, naman layya bai taɓa tsallake ƙofarmu ba, shinkafar Kirsimeti ba ta taɓa dawowa a kwano ba.

Akwai wani wuri a littafin Annabi Irmiya, sura 29, da dattawan cocinmu ke yawan kawowa. Wasiƙa ce ga Yahudawan da aka kwashe zuwa Babila, ana gaya musu su daina zaman jiran komawa, su yi gini, su yi shuka, su aurar da 'ya'yansu, su roƙa wa garin alheri don zaman lafiyarsu na ɗaure da nasa. Na fahimci dalilin da ya sa tsarar iyayenmu ke son wurin. Amma ni rabinsa nake ɗauka. Roƙa wa gari alheri, na'am. Zaman bauta a ƙasar wasu kuwa, a'a. Ba kamo ni aka yi ba. Ba ni da wata Urushalima da nake jiran komawa, Gusau ce.

Wurin da ya fi kama ni yanzu shi ne Luka sura 10. A tsarinmu na Katolika karatun Lahadi zagaye yake yi na shekara 3, kuma abin da aka karanta a Rum shi za a karanta a Gusau a ranar. Wannan ya zagayo a Yulin 2022, ya sake zagayowa a Yulin 2025. Labarin wani matafiyi ne da 'yan fashi suka tare a hanyar Urushalima zuwa Yariko, suka yi masa duka suka yar. Manyan addininsa biyu suka gan shi suka ratse. Wanda ya tsaya ya ɗaure masa rauni ya biya kuɗin jinyarsa Basamariye ne, mutumin da ake ganin addininsa gurɓatacce ne. A wasu ƙasashe sai Fada ya yi dogon bayani kafin a gane hatsarin hanyar. A Gusau ba ya buƙata. Kowa a cikin cocin hanyar Funtuwa zuwa Tsafe yake gani, ya san kwanar, ya san wanda aka ɗauka a wurin.

'Yan bindiga sun kwashe ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Gusau daga Sabon Gida a ƙasar Bungudu a Satumban 2023. Sun shiga masallaci a garin Tsafe a farkon 2024 sun tafi da masu sallar asuba. A watan Yuni na shekarar suka ɗauke Fada Mikah Suleiman daga gidansa na cocin St. Raymond a Damba, ya yi kusan mako biyu a hannunsu kafin ya kuɓuta. Sarkin Bungudu kansa ya yi sama da wata guda a hannun masu garkuwa a 2021. Don haka ina da magana da ɓangare biyu. 'Yan'uwana Kiristoci, musamman na waje masu rubutu a intanet kamar mu kaɗai ake kashewa a Zamfara: ku ji tsoron Allah. Mafi yawan gawarwakin da ake jerawa a ƙauyukan Tsafe da Bungudu salla ake yi musu. 'Yan'uwana Musulmi masu cewa tunda haka ne Kirista ba shi da wani kuka na daban: yana da shi. Ranar da aka kashe Deborah Samuel a Sakkwato a Mayun 2022, aka kuma far wa coci-coci bayan kwana biyu, ba ɗan bindigar daji muke tsoro ba a daren nan. Muna kwance muna sauraron ko hayaniya za ta taso daga bakin titi.

Tambayar 1966 ta dawo, sai dai yanzu ba Amurkawa ake yi wa ita ba, mu ne. Cikin waɗanda muka yi ajin katikisim tare, waɗanda suka rage a gari ba su kai rabi ba. Abuja, Jos, Legas, wasu sun haye. Ban ga laifinsu ba, kowa ya san inda takalmi ke matsa masa. Mu da muka rage mun rage wasu abubuwa. Misar tsakar daren Kirsimeti a cocinmu yanzu da sauran rana ake yin ta, a watse kafin magariba. Ana binciken jaka a bakin ƙofa. A azumin bana, namu na kwana 40 da na Ramadan sun haɗu, ƙungiyarmu ta matasa da samarin wani masallaci a unguwarmu muka haɗa kuɗi muka kai hatsi ga 'yan gudun hijirar da ke kwana a wani kangon gini. Wata tsohuwa daga wani ƙauyen Tsafe ta riƙe hannuna tana ta sa albarka, ta tambayi sunana. Na faɗa mata. Ta ɗan yi shiru, ta ce, “To, ɗan nan, Allah dai ya yi maka albarka,” ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, 'Yandoto za mu shiga sosai: su wane ne malamanta, me ya haɗa su rigima da Muhammadu Bello, da yadda garin ya zama kufai. Sai mun haɗu.